Yadda muka gyara ramin ɓuyan bam da muka tarar a bayan gidanmu a Coventry

Wannan bayanin na rubuta shi ne saboda 'yan uwa masu sayen tsofaffin gidaje a nan Ingila, musamman gidajen nan na jere masu jan bulo da aka gina tun kafin yaƙin duniya na biyu, wanda kakanninmu ke ce wa yaƙin Hitila. In ka je duba gida ka ga wani tudu a ƙarshen lambun baya, ciyawa da ƙaya sun lulluɓe shi, to ba lallai tarin ƙasa ba ne, wataƙila ramin ɓuya ne da mutanen gidan ke shigewa in jiragen Jamus sun zo ruwan bama-bamai. Mu irinsa muka tarar, kuma da na tashi neman wanda zai ce min ga ta inda ake farawa wallahi ban samu ba, kowa da tasa, wani ya ce rushe kawai, wani ya ce laifi ne ka taɓa shi, wani ma ya rantse min wai har yanzu na gwamnati ne. To bari in jero yadda abun ya tafi tun daga farko, wanda ya samu kansa a irin wannan hali ya huta da yawon da na yi.

Lokacin cinikin gidan ba wanda ya ambaci rami. Mai duba lafiyar gida da muka ɗauka ya hau har saman rufi, ya duba bango da wayoyin wuta da alamun laima, amma a kan lambu layi ɗaya ya rubuta, cewa akwai tudu a ƙarshe wanda bai iya dubawa ba saboda ya cunkushe. A fom ɗin da masu sayarwa ke cikewa kuma, da yake magada ne suka sayar ba su zauna a gidan ba, kusan ko'ina "ba mu sani ba" suka sa. Lauyanmu ya ce ba komai a takardun mallaka game da wani gini a baya. Sai bayan mun tare, sanyi ya ja baya, na shiga sarar ƙayar nan da niyyar yi wa yara wajen wasa, kawai sai shebur ya yi ƙara a kan ƙarfe. Da na ƙara buɗewa sai ga bakin langa-langa mai kauri a lanƙwashe, ga wata tsohuwar ƙofar katako da ta ruɓe, ga matakala ta siminti tana gangarawa ƙasa. Na haska da tocilan waya, ruwa ne baƙi ƙirin a kwance ya kusa kai gwiwa, warin kuwa irin na tsohuwar rijiyar da aka daɗe ba a yashe ba. Ban shiga ba. Na mayar da katakon na ɗora bulo a kai na gargaɗi yara kada wanda ya je wajen.

Maƙwabciyarmu ce ta warware min, wata tsohuwa Baturiya da aka haifa a layin nan kuma ba ta taɓa barinsa ba. Ta leƙo ta kan shinge ta ce ai Anderson ne, kusan kowane gida a layin yana da shi a da, nasu babanta ya tone bayan yaƙi ya mayar da shi ɗakin ajiye keke. Daga nan na shiga karatu a kansa. An tsara shi a 1938, aka sa masa sunan Sir John Anderson, ministan da aka ɗora wa shirin kare farar hula daga harin sama, kuma aka fara rabawa a watan Fabrairun 1939 a unguwar Islington ta Landan tun yaƙi bai ɓarke ba. Gidan da abin da yake samu a shekara bai kai fam 250 ba kyauta ake kawo masa, mai hali kuma ya biya fam 7, kuma gaba ɗaya an yi kusan miliyan 3.6. Kwano ne guda 14 ake kawo maka da notuna kai za ka haɗa da kanka, shida daga ciki lanƙwasassu ne su ke haɗuwa a sama su yi rufi. Tsawonsa wajen mita 2, faɗi mita 1.4, tsayi mita 1.8, a binne shi zurfin kamar mita 1.2 sannan a tara masa ƙasa aƙalla inci 15 a sama, wai mutum shida ne za su shiga wannan ɗan wurin. Da yaƙi ya ƙare hukuma ta bi tana karɓe ƙarfen, wanda yake son riƙe nasa ya biya ɗan wani abu, shi ya sa waɗanda suka rage yanzu na mai gida ne, zancen na gwamnati ne babu shi.

Abin da ya taɓa min zuciya shi ne da tsohuwar ta ce a irin wannan ramin uwarta ta rungume ta daren 14 ga Nuwamba 1940, daren da jiragen Jamus kusan 500 suka kwana suna ƙona Coventry, mutum sama da 500 suka mutu, babban cocin garin ya ƙone, kangonsa yana nan tsakiyar gari har yau duk wanda ya zauna nan ya san shi. Ni na taso ina jin labarin tsofaffin sojojinmu da aka kwasa aka kai Boma a wannan yaƙin, amma ban taɓa kawo ɗaya gefen a raina ba, na mata da ƙananan yara da suke kwana cikin rami mai ruwa a tsakiyar hunturu suna jin gari na girgiza. Tun daga ranar na ji ba zan iya zuba masa shara in binne ba.

Uwargida kam ra'ayinta daban, kuma tana da gaskiyarta. Ta ce "Abban yara, rami cike da ruwa a gidan da ke da ƙananan yara, dan Allah a cike shi mu huta." Na ce mata to a ba ni lokaci in bincika, in ya zamana ba zai gyaru ba ni da kaina zan sa a cike. Muka kira wani magini ya zo ya gani, ko leƙawa ciki bai yi ba ya ce fam 2,000 da wani abu, zai shigo da ƙaramar motar tono ya murƙushe shi ya danne da ɓaraguzai, kuma kuɗi a hannu yake so ba rasit. Na tambaye shi ko ya san inda bututun kwata ya bi a lambun, ya ce ba matsala. Na tambaye shi farin kwanon da ke jingine a bakin ramin fa, ba asbestos ba ne, kayan ginin nan da ƙurarsa ke cutar da huhu? Ya ce duk a binne su tare. Nan na sallame shi, domin wanda zai binne maka asbestos a inda 'ya'yanka za su yi wasa ba abokin aiki ba ne.

Sai na fara da takardu. Matakin farko kyauta ne kuma a waya ma za ka yi, shafin Historic England, hukumar kula da wuraren tarihi ta Ingila, yana da jerin duk gine-ginen da doka ta kare, ka sa lambar unguwarku ka gani. In gidanka yana ciki to duk aikin da zai canza masa kamanni sai da izini na musamman, kuma yin sa ba izini laifi ne na gaske. Namu ba ya ciki. Na duba taswirar kansil, wato ƙaramar hukuma, kuma in ga ko unguwarmu tana cikin unguwannin tarihi da ake kiyayewa, ita ma ba ta ciki. Duk da haka na tura imel zuwa sashen tsara gine-gine na kansil, na haɗa da hotuna da zanen lambun da na yi da hannu, na ce ga abin da nake so, in kwashe ruwa in cire tsatsa in yi fenti in mayar da ƙasa yadda take. Amsa ta ɗauki makonni, sai ka yi haƙuri, amma da ta zo a taƙaice take, gyara irin wannan ba ya buƙatar izini muddin ba ɗaga shi zan yi ba ko in mayar da shi ɗakin kwana. Na buga amsar na sa a fayil ɗin gida, domin ranar da za ka sayar lauyan mai saye zai tambaya. 'Yan kansil ɗin ne kuma suka haɗa ni da ma'aikaciyar da ke riƙe da kundin wuraren tarihi na gari, ta ji daɗi sosai, ta nemi hotuna da awo ta shigar da shi. Na tambaye ta ko wannan zai ɗaure min hannu, ta ce shiga kundin daban, shiga jerin kariya daban, wannan rubutawa ne kawai don a san yana nan. Wanda yake haya kuma kada ya bi duk wannan, ya fara sanar da mai gida.

Bayan nan sai abin da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma wannan ne mutanenmu suka fi tsallakewa. A gidajen jere sau da yawa babban bututun kwata ta lambunan baya yake bi yana haɗa gida da gida, kuma tun 2011 irin waɗannan bututan na haɗaka sun koma hannun kamfanin ruwa, in ka fasa shi, kai za ka biya. Taswirar tana cikin takardun binciken da lauya ya ba mu lokacin saye, na tono ta na ga namu ya bi kusa da gida ne nesa da ramin. Akwai kuma shafin LSBUD da za ka zana inda za ka yi tono kyauta, kamfanonin gas da lantarki su turo maka taswirarsu, amma ka sani ba ya nuna wayar da wani tsohon mai gida ya ja da kansa, don haka na yi hayar na'urar gano waya a shagon hayar kayan aiki na bi lambun da ita. Sai dokar 1996 kan bangon haɗaka, wadda ta ce in za ka yi tono a cikin mita 3 da ginin maƙwabci kuma ya fi harsashinsa zurfi to sai ka ba shi sanarwa a rubuce. Mu ba gini kusa, shinge ne kawai, amma duk da haka na shiga gida biyun na gaya masu, uwargida ta haɗa da ɗan dambun nama ta kai wa tsohuwar.

Jemagu ma sai da na duba, kuma kada ka yi dariya, a ƙasar nan doka ta kare su, dagula masu wurin kwana laifi ne ko da ba sa ciki a lokacin, kuma suna son irin wannan wuri mai sanyi da duhu. Na kira layin taimako na Bat Conservation Trust, ƙungiyar kare jemagu, matar ta ce in duba kashi, na jemage yana kama da na ɓera amma in ka murza shi sai ya zama gari, na ɓera kuma tauri gare shi. Na ɓera muka samu, alhamdulillahi. Farin kwanon nan kuma na sa aka ɗauki samfuri aka kai ɗakin gwaji, wajen fam 40, bayan 'yan kwanaki sakamako ya fito asbestos ne. Shi Anderson ɗin kansa ƙarfe ne zalla, amma mutanen da suka zauna daga baya sukan yi masa rumfa ko faci da wannan kwanon, don sai 1999 aka haramta shi gaba ɗaya a Birtaniya. Kada ka fasa, kada ka yanka, kada ka goge, ƙurar ce ke shiga huhu. Kansil-kansil sun bambanta kan yadda suke karɓa sai ka kira naku ka ji, ni dai na biya kamfani mai rajistar ɗaukar shara mai haɗari wajen fam 200, suka jiƙa shi suka naɗe da leda mai kauri ninki biyu suka ba ni takardar shaidar inda aka kai shi. Ita ma tana fayil.

Sai yasar ramin. Na ari famfon tsotse ruwa, muka bar ƙofa a buɗe iska ta ratsa sosai kafin kowa ya sauka, kuma ban taɓa shiga ni kaɗai ba sai da wani a tsaye a sama. Wani ɗan uwa ɗan Zariya da ke aikin gini a nan shi ya riƙa zuwa ranakun hutu yana kama min, Allah ya saka masa. Da ruwa ya janye sai taɓo, bokiti-bokiti muka riƙa fitarwa muna zubawa a baro. A ciki muka samu kwalabe, da ruɓaɓɓen gadon katako mai hawa biyu da ragar ƙarfe, da wata fitilar kananzir duk ta ci tsatsa, da tukunyar shuka guda biyu. Yana cikin tura shebur ya daki wani abu dogo na ƙarfe, nan take ya tsaya ya ce "Malam, tsaya, kar ka taɓa, haska min tukuna." Gabana ya faɗi. Ashe guntun bututun ruwa ne. Amma tsayawar da ya yi ita ce daidai, a garin da aka yi wa irin wannan ruwan bam har yanzu masu gini kan tono wanda bai fashe ba, in ka ga abin da ba ka gane ba ka bar shi inda yake ka fitar da kowa ka kira 999, lambar gaggawa. Da muka kai ƙasa sai muka ga daɓen siminti ne, kuma simintin ya hau bango har wajen ƙugu, don matsalar ruwa tun zamanin yaƙin take damunsu har aka riƙa zuba wa wasu kankare. A kusurwa ɗaya akwai ɗan rami murabba'i da taɓo ya toshe, wato wajen tara ruwa ne da suka yi tun asali suna kwasa da gwangwani.

Kafin in kashe ko sisi a fenti na kira injiniyan gini, fam 300 zuwansa da rahoton shafi biyu, kuma a duk kuɗin da na kashe ba wanda ya fi wannan amfani. Ya shiga da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa kwanon tun daga sama har ƙasa, inda yake da lafiya sai ka ji ƙara tas, inda ya mutu sai ka ji dum kuma ɓawon tsatsa ya zubo. Saman rufin lafiya lau, har ruwan tutiyar da aka yi masa yana nan fari-fari bayan shekara 80 da wani abu. Ɓarnar tana daidai inda kwano ya haɗu da siminti, nan ruwa ke kwanciya, wuri biyu har yatsa yana shigewa. Ya yi min bayanin da ban manta ba, ya ce ƙarfin abun ba a kaurin ƙarfe kawai yake ba, a lanƙwasar yake da ƙasar da ta danne shi ta kowane gefe daidai, saboda haka in za mu kwashe ƙasa mu riƙa ragewa dama da hagu tare, kada a tone gefe ɗaya a bar ɗaya, kuma kada wata mota ko injin ya hau kai. Ya hana walda, ya ce hayaƙin ƙarfe mai ruwan tutiya yana sa zazzaɓi balle a cikin rami, faci da noti za a yi. Ya kuma ce a cire wata 'yar bishiya da ta tsiro a kan tudun don saiwarta ta fara cusa kai tsakanin kwanukan. Da uwargida ta karanta inda ya rubuta cewa ba haɗarin ruftawa, sai ta ce to shikenan, amma da sharaɗin ƙofa mai kwado.

Aikin ƙarfe sai da muka jira rani, don fenti ba ya kamawa a jiƙa ko a sanyi, kuma ranin Ingila kun san shi gajere ne, duk ranar da rana ta fito sai ka ajiye komai. Da shebur muka kwashe ƙasar muka tara a kan tamfol, jar laka ce mai nauyi mai riƙe ruwa, ita ce ma tushen matsalar. Muka wanke bayan kwanon muka bar shi ya bushe, muka bi da burushin ƙarfe na hannu, ba mu sa injin gurza ba don zai cinye ruwan tutiyar da ya rage har ya huda inda ya yi laushi. Cikin kuma akwai tsohon koren fenti, na gwada da ɗan abin gwaji da ake sayarwa ya nuna akwai dalma, saboda haka jiƙe-jiƙe muka kankare shi da takunkumi mai kyau da safar hannu, yara ba sa kusa. Inda tsatsa ta ci muka shafa maganin da ke mayar da ita baƙa ta daskare, sannan fentin tutiya a ciki, waje kuma fentin kwalta shafi biyu. Wani abu da zai ba ka wahala shi ne notunan, awon da ne na inci, sifanar zamani ba ta zama a kansu daidai sai ta cinye masu kai, don haka duk wanda bai karye ba mun bar shi, mai kawai muka sa masa. Wuraren da suka huje muka yanko sabon kwano mai irin lanƙwasar muka ɗora da noti da abin toshe ruwa a tsakani. Daga nan muka lulluɓe bayan da baƙar leda mai ƙuraje da ake sa wa bangon ƙarƙashin ƙasa, muka shimfiɗa bututu mai huji-huji cikin tsakuwa a gefe biyun, sannan muka mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan dama da hagu muna dannawa da ƙafa.

Ruwa kuma ba hana shi shiga za ka yi ba, ba za ka iya ba, hanyar fita za ka ba shi. A ɗan ramin kusurwar nan muka sa ƙaramin famfo mai balbalo, in ruwa ya taso ya tashi da kansa in ya sauka ya mutu, wajen fam 80. Ina za a kai ruwan shi ne tambaya, ba a yarda ka juye shi a kwatar bayan gida haka kawai ba, kuma ba ka tura wa maƙwabci. Muka tona ramin tsotsewa muka cika da tsakuwa, ƙa'ida ya yi nisan aƙalla mita 5 da gini, tiyo ya bi ta cikin durom na ban ruwan shuka tukuna in ya cika sauran ya wuce can. Wuta ban taɓa da hannuna ba, mai gyaran lantarki mai rajista na kira, ya ja waya mai sulke ta ƙarƙashin ƙasa da zirin ledar gargaɗi a samanta, ya sa abin da ke yanke wuta nan take in ta haɗu da ruwa, ya ba ni satifiket. Wajen fam 600 ya ci kuma ya yi min zafi, amma ɗakin ƙarfe ne mai ruwa a ƙasa, ba wurin da za ka ja wayar ƙari daga kicin ka ce a yi maneji ba ne.

Hunturun farko sai ga wata sabuwa. Daɓe a bushe, famfo na aiki, amma in ka shiga da safe rufin duk ya yi raɓa yana ɗiga, fumfuna ta fara fitowa a sabon bencin katako. Na kira injiniyan a waya hankalina a tashe ina zaton leda ce ta yage, ya ce a'a gumi ne, iska mai laima ce ke haɗuwa da ƙarfe mai sanyi, sabuwar ƙofar ta rufe ruf ba ta barin numfashi. Muka huda ƙofar sama da ƙasa muka sa raga saboda ɓeraye, muka fitar da bututun iska a bangon baya da hula a kansa, muka ɗaga bencin daga ƙasa muka shimfiɗa katako mai tsaga-tsaga a kan bulo. Raɓar ba ta ɗauke gaba ɗaya ba amma ta ragu sosai har ɗigar ta tsaya. Kamfanin inshorar gida ma na kira na sanar da su, tambayarsu biyu ce, yana kulle ne, kuma akwai rahoton injiniya? Suka rubuta a fayil ba su ƙara min komai ba.

In aka haɗa duka da hayar babban kwandon shara na ƙarfe da mota ke kawowa, wajen fam 250, da fenti da leda da tsakuwa da katako wajen fam 350, abun ya tasam ma fam 2,000, kusan kuɗin da aka ce in biya a rushe. To kada wani ya ce maka gyara ya fi arha sosai, bai fi ba, kuma ƙarfin jiki da lokacin da ya ci ba a lissafa su. Amma ko rushewar za ka yi, rabin matakan nan ba makawa sai ka bi su, jerin kariya, bututu, jemage, asbestos, kuma cikewar ma in ba a yi ta da kyau ba ƙasa za ta lotsa nan da 'yan shekaru. Abin da zan jaddada shi ne jerin, takarda kafin shebur, injiniya kafin fenti, ruwa kafin ado. Na ga hotunan wasu sun shafe ciki da fenti mai kyau sun shimfiɗa kafet sun sa kujeru alhali bayan kwanon yana cikin laka yana ci gaba da ruɓewa, wannan asarar kuɗi ce. Kuma in za ka sayi gida ka ga irin tudun nan, ka sa lauyanka ya yi tambaya a rubuce tun kafin a sa hannu, ka ce wa mai duba gida ya leƙa ko da ƙarin kuɗi ne.

Gargaɗi ɗaya da ya shafe mu musamman, dan Allah kada a shiga da gawayi. Na san halinmu, lokacin babbar salla ana gashi ruwa ya sauko sai wani ya ce a shigar da murhun ciki, ko a kai kaskon turaren wuta don a kashe warin laima. A wuri ƙarami haka da ke ƙarƙashin ƙasa hayaƙin gawayi da ba ya wari ba ya launi yana iya kashe mutum kafin ya ankara, haka janareta, haka hitar gas. Na sa ƙararrawar gano wannan iskar a ciki duk da ba ma kunna komai. Makulli kuma yana sama inda yara ba sa kaiwa, ba sa shiga sai da babba.

Yanzu dankali da albasa muke ajiyewa a ciki da kayan lambu, don sanyinsa ba ya canzawa sosai rani da hunturu, takarda da tufafi da shinkafa kuwa ba sa zama, laima za ta lalata su. A saman tudun uwargida ta shuka alayyahu da na'ana'a, masu gajeriyar saiwa kawai muke yarda da su. Hidimarsa ba ta da yawa amma ba ta yankewa. Duk lokacin da ganye ya fara zuba ina share matakala da bakin magudana, in ɗaga balbalon famfo da hannu in ji ya tashi, in wanke ragar bututun iska. In an yi ruwa mai ƙarfi ina leƙawa washegari. Da rani kuma ina bin layin da kwano ya haɗu da siminti da tocila da burushi, duk inda na ga ja ya fara fitowa in goge in ɗiga masa fenti tun bai faɗaɗa ba, notuna kuma a shafa masu giris. Malamar ajin babban ɗana ta nemi ta kawo 'yan ajinsu su gani lokacin da suke darasin yaƙin, na ce sai makaranta ta yi nata binciken lafiyar wurin kuma na sake tambayar inshora, muna kan wannan maganar yanzu.